Neman gandu a bakin ruwa: kwana huɗu tsakanin Madawa, Buza da Keita

A wannan mako za mu bar Yamai da hayaniyar kasuwanninta, mu nufi ƙasar Adar, inda na yi kwana huɗu ina rakiyar wani aminina da ya tafi sayen gulbi. Ba ba'a nake yi ba. Alhaji, kamar yadda zan riƙa kiransa a nan, haifaffen gundumar Buza ne. Ya bar gida yana saurayi cikin ayarin ƴan cin rani masu zuwa Abijan, ya sha talla a rana, ya komo Yamai ya buɗe shago, Allah kuma ya buɗa masa. Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ciwo, zuciya ta koma gida.

Ɗansa mai karatu a Amurka ne ya tayar da maganar. Ya ba shi labarin yadda attajiran can ke hutawa: a jihar Teksas, inda kusan dukkan ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, mai hali yakan sayi makeken gandu a bakin kogi, ya kewaye shi da waya, ya gina ɗan gida a ciki. Ran hutu ya zo da iyali da abokai, a harbi barewa, a jefa ƙugiya, a gasa nama da maraice. Alhaji ya kwana da maganar, ya tashi da ita. Ya ce mini: "Mushe, in Nasara ya yi a ƙasarsa, me zai hana ni yi a ƙasar ubana?" Mushe yake kirana tun zamanin da nake koyarwa a lakwal.

Kafin wata ya ƙare wani dillali ya samo masa wuri a bakin Majiya, wai hekta 12, da ruwa, da kifi, da zabin daji sai ka kore su da ƙafa. Alhaji ya aika da kafin alƙalami mai nauyi bai ga wurin ba. Da na tuna masa cewa ba a cinikin biri a sama, sai ya ce to in shiga mota mu je in ga birin da idona.

Madawa: ruwa na ƙarƙashin ƙafa

Daga Yamai zuwa Madawa kimanin kilomita 500 ne a kan babbar hanyar kwalta, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni da Galmi. Mun tashi bayan sallar asuba cikin watan Fabrairu, hunturu na ban kwana, muka isa da la'asar. Madawa, gidan Sarkin Gobir Tudu, tana zaune a kwarin Tarka, kuma tun kafin ka shiga gari warin albasa ke fara yi maka maraba.

A takardar taswira an zana Tarka da shuɗin layi kamar kowane kogi. Alhaji ya sa direba ya tsaya, ya fito yana dube-dube, yana tambayar ina gulbin. Wani mai lambu da ke jan tiyo ya yi dariya, ya buga ƙasa da diddige, ya ce: "Ga shi nan kana tsaye a kansa, Alhaji." Gaskiya ya faɗa. Ruwan Tarka ba ya gudu a sarari sai ƴan kwanaki cikin damina, amma yana nan kwance a ƙarƙashin yashi, a wurare da dama taku kaɗan ne a cim masa. Tun daga furojen kwarin Tarka da Tarayyar Turai ta ba kuɗi a shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin tiyo da injunan ban ruwa suka bazu, guga da jigo suka ja baya. Iyakar ganinka fangali ne kore shar, da rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa har ta yi daraja. Wannan ita ce albasar da duniya ta sani da sunan Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Abijan, Akara, Lome da Kwatano. A gefen lambunan kuma ga goriba da kaba, waɗanda matan Madawa ke saƙa tabarmin da suka yi suna a faɗin ƙasa.

Alhaji ya tambayi mai lambun ko ana samun nama a nan. Ya ce farautarsu iri biyu ce, ɓera da tsutsa. Ya ƙara da cewa a wannan kwari ba a auna ƙasa da hekta, da fangali ake aunawa, kuma duk fangali akwai bakin da yake ciyarwa. Mutumin da zai sayi hekta goma a fadama ya bar ta ciyawa don zomo ya yi ƙiba, in ji shi, mutanen gari za su riƙa gaishe shi da rana, da dare su yi shawarar kai shi likita.

Mun kwana a Madawa. Alhaji bai karaya ba. Ya ce Tarka daban, Majiya daban.

Buza: gulbin da ba ya kwana

Washegari muka bar kwalta ta Maraɗi muka yi arewa. Buza ba ta wuce kilomita 50 da ƴan kai ba, amma ƙasar takan sauya maka fuska tun kafin rabin hanya. Fadama ta ƙare, tudu ya fara, sai fako da baƙaƙen duwatsu a warwatse kamar an zubar da gawayi. Wannan shi ne Adar Dutsi. Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 a shekara ba, kuma kaɗan ɗin da ya sauka ba ya samun inda zai zauna, sai ya gangara kwazazzabai da gudu.

Da muka gangara kwarin Majiya, sai ga abin da ya sa Alhaji kansa ya yi shiru: layuka na bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, bibbiyu a jere, sun ratsa kwarin daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin layi da layi kimanin mita 100. An fara dasa su a 1975 a wajen Garadume, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji, ƙungiyar CARE da manoman kwarin, bayan farin da ya gabata, lokacin da iska ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Cikin shekaru goma sha aka dasa ɗaruruwan kilomita, aka sa masu gadi don awaki da raƙuma, har masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo. Wasu layukan sun yi giɓi yau, gatari ya yi musu ɓarna, amma waɗanda suka rage suna nan suna tare iska.

Dillali ya tarye mu da babbar riga da murmushi, ya kai mu wurin. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba: gawo biyu manya, magarya, inuwa mai sanyi, kurciya na kuka. Sai dai gulbin yashi ne fari tas, faɗinsa ya fi na filin ƙwallo, gaɓarsa a yanke tsaye kamar an sare ta da wuƙa, tsayinta ya fi na mutum biyu. Jakuna na tafiya a tsakiyarsa. Dillali ya ce mu zo da damina mu gani.

Wani dattijo da ke zaune a gindin gawo yana murza igiya ya amsa masa ba a tambaye shi ba. Ya ce da damina lalle za mu gani, in mun zo a ranar. Hadari kan zuba a kan duwatsu, ko ɗigo bai sauka a nan ba, sai ka ji rugugi kamar na manyan motoci. Kafin ka kwance jakinka ruwa ya iso, ja wur, ɗauke da itace da gawar akuya. Ya yi wuni, ko kwana biyu, ya cika madatsun Mozage da Zango, ya wuce Ƙwanni, sauran ya tsallaka iyaka ya faɗa tafkin Kalmalo a Najeriya. Alhaji ya ce: "Baba, kifi fa?" Dattijo ya ce kifin da zai zauna cikin wannan ruwa sai ya yi ƙafafu. Sa'an nan ya nuna da sandarsa can tsakiyar yashi, ya ce a nan rijiyar mahaifinsa take, da lambun rogo, da mangwaro uku. Majiya ta cinye su cikin damina biyu. Duk shekara tana gatsar gaɓa, wani lokaci taku biyu, wani lokaci goma.

Muka auna wurin da ƙafa. Cikin hekta 12 da aka faɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku yashin gulbi ne. Ta gefen gabas kuma ga wata faffaɗar hanya cike da sawun shanu da kashin raƙuma, ta ratsa filin ta gangara inda makiyaya ke tona yashi su shayar. Dillali ya ce wannan ba komai, waya za ta gyara.

Abin da Maigari ya ce, da abin da doka ta ce

Alhaji ɗan gari ne, ya san ba a shiga gona a bar mai gari. Muka je muka faɗi gaisuwa. Maigari ya saurara har ƙarshe, ya tambayi wanda ya sa gonar a kasuwa. Da aka faɗi sunan, ya jinjina kai. Ya ce gonar gado ce ba a raba ba, magada tara ne. Mai sayarwar ɗaya ne daga cikinsu, biyu suna Libiya, mata huɗu suna gidajen aure ba wanda ya shawarce su. Game da hanyar shanu kuma ya ce: "Alhaji, wannan burtali ya girme ni, ya girmi ubana. Ranar da ka sa masa waya, ranar za ka fara kwana da ido ɗaya, ni ma haka."

Alhaji ya ce: "Ranka ya daɗe, in na biya kowa haƙƙinsa fa?" Maigari ya ce gona za a iya sayar masa in magada sun yarda gaba ɗaya, a gaban shaidu, a rubuta. Amma burtali da gulbi ba shi da ikon sa hannu a kansu, don ba nasa ba ne.

Maganar Maigari ita ce maganar doka, kuma ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata masu sha'awar ƙasa a karkara su san ta. Dokar ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa ginshiƙan tsarin karkara, ta amince da mallakar gargajiya daidai da mallakar takarda. Wato gonar da mutum ya gada tasa ce ko ba shi da ko ƙyallen takarda. Ita ce kuma ta haifar da hukumomin ƙasa da ake kira COFO, daga na gunduma da perefe ke shugabanta har zuwa na ƙauye da ke hannun maigari. A nan ake rubuta shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, bayan an je an ga gonar, an kira maƙwabta, an ba da lokaci ko akwai mai ja. Dokar ruwa ta 2010 ta sa gulabe da tafkuna cikin dukiyar al'umma. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon makiyaya haƙƙi ne, ta hana kowa mallake burtali, makiyaya ko mashaya. Bayan girbi kuma hukuma kan sa ranar sakin gonaki, dabbobi su shiga su ci kara, su bar taki. Saboda haka wayar Teksas ba ta da wurin tsayawa a Majiya.

Muka nemi dillali don maganar kafin alƙalami. Aka ce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Wayarsa kuma tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Keita: ruwan da mata suka tsayar

Alhaji ya ce tunda mun zo, sai ya ga ruwa mai kwana da idonsa. Aka ce mu je Keita. Hanya ta sake hawa dutse ta gangara, kuma a nan ne matafiyi ke ganin abin da ba ya mantawa. Gangaren duwatsun duk a zane suke da layuka, jerin duwatsu bisa jerin duwatsu, da ramuka a tsakaninsu, kowane rami da itacensa: dakwara, bagaruwa, farar ƙaya. A cikin kwazazzabai an gicciya ragar waya cike da duwatsu don karya ƙarfin ruwa.

Wannan aikin furojen Keita ne, wanda aka fara a 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, a shekarar yunwar da mutane ke kira El Buhari. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar abinci ta PAM ta biya leburori da hatsi da mai. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak. Cikin kusan shekaru 20 an farfaɗo da fiye da hekta dubu 30, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gina madatsu da rijiyoyi da hanyoyi. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi cin rani.

Mun gamu da ɗaya daga cikinsu a bakin wata madatsa, tsohuwa tana shanya kauɗar tumatir a kan tabarma. Alhaji ya gaishe ta, ya ce: "Inna, wannan ruwa na wane ne?" Ta dube shi sama da ƙasa, ta cire kallabi ta nuna masa tsakar kanta inda gashi bai sake fitowa ba. Ta ce shekara shida tana ɗaukar dutse a nan, da goyo a baya, ana biyanta da tiya. "Ɗana, in kana neman mai ruwan, ga ɗaya daga cikinsu. Sauran suna cikin gari, wasu suna kushewa."

Ruwan kuwa yana nan, shimfiɗe, kirinjijiya na shawagi a kansa, balbela na bin shanu a gefe. Amma babu taku ɗaya na bakinsa da ba shi da mai aiki. Inda ruwa ya janye, an bi laima an shuka wake, dankali da tumatir. Can Buzaye na shayar da raƙuma, nan Fulani na jiran layi, ga ƴan mata da tulu, ga masu bulo. Masunta biyu na jan koma, sun fito da tarwaɗa da gargaza. Suka ce mana kifin ma zuba shi ake yi, ma'aikatan muhalli ke kawo iri daga wasu tafkuna; mai kamawa sai da takardar izni, kuma akwai lokacin da ake rufe ruwa don kifi ya hayayyafa. In rani ya tsananta ruwan ya ƙafe, gaiwa ce kaɗai ke saura, ta shige laka tana cin jikinta har damina. Mai son ganin su na sosai, suka ce, ya wuce Tabalak a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, tafkin da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2005. Can ma ba a sayar da shi.

Madatsun kansu ba su da tabbas. Ta Ibohaman, wadda ta girmi furojen, laka da yashi sun cike cikinta, ruwan da take riƙewa ya ragu ƙwarai. Duk jerin duwatsun da ya rushe a kan tudu ba a gyara ba, ƙasarsa a madatsa take kwana. Wanda ya sayi lambu a ƙasan kwari, ya sani ko bai sani ba, ya dogara ne ga mutanen da ke gyaran dutse a sama.

Maganar bindiga

Saura farauta. Da dare a Keita muka yi hira da wani tsohon mahalbi, ya lissafa mana abin da ya gani yana yaro: barewa, gada, jimina can arewa, kura har bakin gari. Yau sai zomo, dila, fakara, da zabin daji waɗanda suka fara komowa tun da itatuwan furoje suka yi duhu. Samari kan fita da karnuka da kere bayan girbi, su yini su komo da zomo biyu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

A nan ma mallakar gona ba ta ba mutum mallakar naman da ya ratsa ta. An taɓa rufe farauta a Nijar, ta yi shekaru da dama a rufe. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ɗauki namun daji a matsayin dukiyar ƙasa: sai da lasisi, sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa ko da wane lasisi. Izinin riƙe bindiga kuma takarda ce daban. Ban da doka akwai halin da ake ciki. A shekarun nan ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan kudancin Madawa da ke bakin iyaka, da satar shanu da satar mutane. Attajirin da ya gina gida shi kaɗai a daji ya yi wa kansa talla, baƙon da aka gani da bindiga cikin ƙaya kuma ba lalle ne a tsaya tambayarsa ko zabo yake nema ba. Mahalbin ya ce shi kansa ya rataye tasa.

Abin da muka komo da shi

A hanyar komowa Alhaji bai yi magana ba har muka wuce Tamaske. Sa'an nan ya ce: "Mushe, na bar garin nan shekara arba'in, na komo ina tambayar kuɗin ruwa kamar baƙo." Ban amsa ba, don ba tambaya ba ce.

Ga wanda ke da irin niyyarsa, kuma na san suna da yawa cikin masu karanta wannan shafi, ga abin da tafiyar ta koya mini. Ka ga wuri sau biyu kafin ka ba da ko dala, sau ɗaya a watan Agusta, sau ɗaya a watan Afrilu. Ka dubi gaɓar ƙorama, ka tambayi tsofaffi inda take shekara goma da suka wuce. Ka nemi sanin magada dukkansu, har mata da waɗanda ke ƙasar waje. Ka bi sawun shanu ka ga inda ya nufa. Kada kuɗi su fita sai a gaban maigari da hukumar COFO, da takarda a hannu. Ka kuma tambayi kanka wanda zai zauna a wurin ranar da kake Yamai, domin gonar da mai ita ke ziyarta sau biyu a shekara ta mai gadi ce.

Kafin alƙalamin Alhaji ya tafi, bai kuma kai ƙara ba. Ya ce kuɗin makaranta ne. Bayan wata biyu ya sayi hekta ɗaya da rabi a kwarin Tarka, kusa da garin kawunnansa, magada duka sun sa hannu. Ya haƙa rijiyar tiyo biyu, ya ba ɗan ƙanwarsa rabi ya yi albasa, sauran ya dasa mangwaro da lemo. A gefe ya gina kwarmin siminti ya zuba ƴaƴan tarwaɗa, ya kafa rumfa da tabarmar Madawa a ƙarƙashinta. Ta yamma ya ja shingensa baya taku biyar, don garken da ke wucewa ya samu hanya.

Ya ce in zo bayan girbi in ci kifi. Na tambaye shi ko da ƙugiya za mu kama, ya ce da kwando, ya fi sauri. Allah ya kai mu, ya ba mu damina mai albarka.